Dattijo ma yana da zuciya

Malam Edita,

A Tianhe nake zaune, cikin birnin Guangzhou, ina harkar tura kaya Kano. Kwanan baya na kalli B for Busy, fim ɗin da Shao Yihui ta ba da umarni a 2021. Da harshen mutanen Shanghai aka yi shi, har abokin cinikina ɗan Guangzhou sai da ya dogara da rubutun ƙasan allo, kamar ni.

Xu Zheng ne ya fito a matsayin Lao Bai, bazawari mai koyar da zane, gwanin girki, wanda ya rasa ta yadda zai furta abin da ke ransa. Takalmin matar da yake so ya lalace, ya ɗauka ya kai wa mai gyara, yana ta inda-inda. A wani wurin kuma mata uku, har da tsohuwar matarsa, suka haɗu a teburinsa suna yi masa tsiya, shi kuwa bakinsa ya mutu. Na yi dariya, daga baya jikina ya yi sanyi, don ni ma na haura hamsin.

Ga ƙorafina ga 'yan Kannywood. Da zarar furfura ta fito wa jarumi, sai a naɗa masa rawani ya zama uban yarinya mai hana aure, ko Alhaji mai neman ta huɗu. Ina labarin wanda ya yi saki cikin fushi, shekara goma yana cizon yatsa, kunya ta hana shi biko? A zaurukan Fagge kaɗai na san irinsu da yawa.

Naku,
Mai karatu daga Tianhe, Guangzhou