Kada siyasa ta raba ma'auratan Katsina da Maraɗi

Akwai ma'auratan da rayuwarsu ta kasu tsakanin Katsina da Maraɗi: kasuwancin maigida a nan, dangin uwargida a can. Aljihunsu ba ya rabuwa da naira da sefa. Ƙaramar Sallah a wannan gari, Babbar Sallah a wancan. Idan suna ko ta'aziyya ta taso, sai su bi ta Jibiya su tsallaka Ɗan Isa.

Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Takunkumin bai sauke sojojin daga mulki ba. Waɗannan iyalai ne suka ɗanɗana kuɗarsu, suna bin ɓarauniyar hanya a kan babur domin duba iyaye.

Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, zirga-zirgarsu ta dogara ne ga sassaucin wucin gadi. Ya kamata Abuja da Yamai su ƙulla yarjejeniyar da za ta tabbatar wa mazauna iyaka shige da fice, ko da dangantaka ta yi tsami. Turawa ne suka shata iyakar nan, auratayya kuwa ta girme ta.