Icen da aka zana a bayan mota ba hoton makoki ba ne



Ran kasuwa wata babbar mota ta tsaya kusa da mai shayi. A ƙyaurenta na baya an yi zane: rairayi iya ganin ido, sama ta yi jawur, ayarin raƙuma can nesa kamar tururuwa, sai ice ɗaya tal a tsakiya. Wani saurayi ya ce wannan hoton baƙin ciki ne, ƙasa ce ta mutu. Ni kam ban yarda ba.

Icen Tenere ne, kandilin nan da ya tsaya shi kaɗai kan hanyar Agadas zuwa Bilma. Da aka haƙa rijiya gefensa wajen 1939, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana shan ruwa. To wanda ya taɓa kiwo ko bin ayari, in ya hango ice tsakiyar rairayi, ruwa yake gani da wurin sauke kaya. Ku dubi inda mai zanen ya juya kawunan raƙuman: wajen icen suka nufa. Ya ba shi doguwar inuwa, ya ɗiga ɗan kore a rassansa, kuma shi ne kaɗai koren da ke cikin hoton. Da makoki yake nufi, me zai kai shi ɓata koren fenti?

Jan saman ma fa. Baƙo zai ce faɗuwar rana ce, magana ta ƙare. Mu a ƙasar Gure mun san jan da ke tasowa daga gabas farkon damina: ƙura ce, hadari na bayanta.

Abin da ya dame ni daban ne. Masu ayari sun yi ta wucewa shekara da shekaru ba su karya reshensa don dafa shayi ba, sai a 1973 mota ta banke shi. Busasshen icen yana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ga shi yau a jikin mota aka zana shi! Kuma wallahi a saman motar itacen girki ne aka lafta, wasu da ɗanyen ganyensu, alhali rairayi na ta binne kwarurrukanmu na goruba da dabino.

Na tambayi yaron motar inda aka saro su. Ya nuna da haɓa, ya ce ba nisa.