Ɗaɗɗoyar Kwalba: Wa Ya Kamata Ya Saye Ta?

A ɗakin gwaje-gwaje akan yanko gaɓar reshen ɗaɗɗoya mai ido ɗaya, a wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a dasa a cikin kwalba bisa abincin tsirrai irin wanda masana Murashige da Skoog suka haɗa a 1962. Cikin 'yan makonni idon nan zai fitar da tsirrai masu yawa, kowanne kamar uwarsa sak.

Dabara ce mai kyau, amma a ganinmu bai kamata malaman gona su tallata ta ga mai neman ganyen miya ba. Reshen ɗaɗɗoya idan aka tsoma shi a ruwa yakan yi saiwa cikin mako biyu, ba a kashe ko kwabo ba.

Wanda take yi wa rana shi ne mai noma domin tatsar mai. Ƙudan zuma kan gauraya iri, saboda haka irin da aka tara a gona yakan ba da tsirrai masu ƙamshi dabam-dabam, alhali mai saye ƙamshi ɗaya yake nema, misali mai kama da na kanumfari. Ga kuma cutar yaushi ta fusariyam da ke bin iri.

Ko shi ma kada ya cika gona da 'yan kwalba, domin akwai tsada. Ya sayi kaɗan, ya rene su a inuwa da danshi har su saba da iska, don a nan ne akasari suke mutuwa. Sa'an nan ya riƙa yankan rassansu yana dasawa.