Sabara, kalgo da anza: dukiyar da ba ta gudun rani



Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Agiye da Gazawa cikin watan Maris zai ga gonaki sun yi fari fat, an kwashe kara, ciyawa ta ƙare. Amma nan da can ido yakan faɗa kan ɗanyen ganye: sabara ce, ko kalgo, ko anza. Waɗannan ƙananan itatuwa saiwarsu na da zurfi, shi ya sa rani bai cika tuɓe su ba. Kulawa da su ita ce maganarmu ta wannan mako.

A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya toya kututture. Sakamakon haka kowa ya gan shi: iskar farkon damana ta riƙa binne shuka da rairayi. Daga shekarar 1983, wani Bature ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman jahar Maraɗi cewa kututturen da ake rainawa icce ne mai rai. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan, wanda ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna da shi.

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Lokacin sassabe, a zaɓi tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har rabin tsawonsu, kada a wuce nan. Wanda aka aske sosai iska ke karya shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsala ta farko daga hannunmu take. Adda marar kaifi da sara daga sama zuwa ƙasa suna saluɓe ɓawo, ta wannan rauni ne gara da ruɓa ke shiga. A wasa adda, a yi sara daga ƙasa zuwa sama. Ta biyu awaki: rassan ƙaya da aka jibge kewaye da tofo sun isa kariya har ya fi ƙarfin bakinsu. Ta uku kauci, wanda tsuntsaye ke kai irinsa. Magani shi ne a yanke reshen da ya kama tun bai yi 'ya'ya ba.

Ta huɗu ta fi zafi, wato mai saran dare. Mutum ya shekara uku yana reno, wani ya sare cikin dare ɗaya. Mutanen Ɗan Saga sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma, mata da makiyaya. Hukuma kuma ta fito da doka a 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya rena a gonarsa.

Ladar wahalar a fili take. Gindin sabara na tare ƙura da ganye, hatsin da ke kusa da ita ya fi kyau. 'Ya'yan kalgo abincin bisashe ne. Anza kuwa, waɗanda suka ga yunwar 2005 ba su manta da ita ba: 'ya'yanta da aka jiƙa kwanaki har ɗaci ya fita sun riƙe gidaje da yawa.

Saboda haka, kafin a ɗaga gatari bana, a dubi kututturen da kyau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.