Ciwon ƙashin da ake dannewa da ƙwaya: cutar Pajet

A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani a Sabon Gari, aka ce dillalai su koma Dangwauro. An yi ta muhawara kan jabun magunguna. Abin da ba a tattauna ba shi ne yadda dattijo a Jakara ko Mandawari zai yi shekara da shekaru yana shan diklofenak don "sanyin ƙashi", ba a taɓa ɗaukar hoton ƙashin ba.

Yawancin irin wannan ciwo amosanin gaɓɓai ne, amma ba duka ba. Akwai cutar Pajet, wadda wani likitan Landan, James Pajet, ya bayyana a 1877. A kullum jiki yana cinye tsohon ƙashi yana gina sabo. A wannan cuta aikin yakan yi sauri fiye da kima, sai sabon ƙashin ya fito da kauri amma ba ƙwari, kamar ginin da aka yi cikin gaggawa. Gado yana da hannu a ciki, kuma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Ta fi yawa a Ingila, a Afirka kuwa ba kasafai ake ganinta ba. A ganina, rashin yin gwaji ma yana ɓoye wasu.

Ta fi zama a ƙugu, ƙashin baya, ƙoƙon kai, cinya da ƙwabri. Ciwon na can ciki ne, ba ya lafawa ko an kwanta, wurin kuma yakan yi ɗumi. Ƙafa na iya lanƙwashewa, ji ya ragu, hular da Baba ya saba sawa ta fara matse shi. Wasu ba sa jin komai sai ƙashin ya karye daga ɗan tuntuɓe, a kira mai ɗori, a ɗaure, ba a san tushen ba.

Gano ta ba wuya: gwajin jini na ALP da hoton ƙashi. A tambaya a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maganin zoledironet, da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya, kan kwantar da ita tsawon shekaru, bayan an duba lafiyar ƙoda. Ita ƙodar kuwa, diklofenak na kullum yana lalata ta, kuma idan ta yi rauni sosai ba a ba da wannan magani.