Kwamfutarka Ba Ta Tsufa Ba, Hukunci Aka Yanke Mata

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga Windows 10. Mai son komawa Windows 11 kuwa, sai kwamfutarsa ta kasance tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, ta zama ta zubi na takwas zuwa sama. Saboda haka HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, irin na hannu da suka cika ofisoshinmu da jakunkunan ɗalibanmu, duk an rufe musu ƙofa. Ba abin da ya lalace a jikinsu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke karɓar wannan hukunci. Ko dai mutum ya ci bashi ya sayi sabuwa, ko ya kai wa mai gyara ya ɗora masa Windows na sata, haɗe da wata manhajar ɓalle kulle da ba wanda ya san abin da ke ƙunshe cikinta. A kan wannan kwamfuta lauya zai ajiye sirrin wanda yake karewa, akanta ya shiga asusun banki. Amma ka ambaci Linux, sai a ce maka ai wannan sai injiniyoyi.

Wannan magana ta tsufa fiye da kwamfutar. Linux Mint, musamman nau'in Xfce, yana tafiya da gigabayit 2 na RAM, ya kuma sake sosai da 4. Kyauta ne, halal ne, kuma lambobin da aka gina shi da su a buɗe suke ga duk mai son bincikawa. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice. Ana ma iya tayar da shi daga filashi a gwada madannai da sauti da Wi-Fi ba tare da an taɓa komai a cikin kwamfutar ba. In ya yi maka, ka kwashe takardunka zuwa wani wuri tukuna, domin girkawar tana iya share faifan gaba ɗaya.

Ban ce ba a rasa komai ba. Mai zanen gini da ke cin abinci da AutoCAD, ko mai aiki da Photoshop, ya tsaya inda yake. LibreOffice ma yakan karkatar da teburi a wasu takardun Word, na sha gyarawa da hannu. To amma malamin jami'a da aikinsa bai wuce rubutu, imel da lissafin makin ɗalibai ba, wace hujja gare shi ta zuba albashin watanni a sabuwar kwamfuta alhali bai taɓa gwada filashi ɗaya ba?