Kwangilar Sola Ba Ta Kammala Sai da Jadawalin Lambobi

Duk ɗan kwangilar da ya kafa wutar sola a Balan, ko wani gari na Gaya da Ajingi, ya tafi bai bar jadawalin lambobin na'urorin ba, bai gama aikinsa ba.

Inbata da mita sukan yi magana ta waya guda, bisa ƙa'idar Modbus da kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Tsarin tamkar zaman fada ne: shugaba ɗaya ke kira, kowa sai an ambaci lambarsa yake amsawa. Lambobin daga 1 zuwa 247 suke. Sifili shela ce ga kowa, ba a amsa ta. Na'urori da yawa da lamba 1 suke barin masana'anta. Idan aka sauya mita ba a gyara lambarta ba, biyu na iya amsawa tare, magana ta cakuɗe, shugaba ya ɗauka ba su nan.

Daga nan sai a ce kaya sun lalace, a jira injiniya daga Kano. Mai kiran wannan sirrin sana'a, makullin gidan jama'a yake sayar musu. Kada a biya kason ƙarshe sai an miƙa takarda: kowace na'ura, lambarta, da saurin sadarwarta.